Baba Ja'afaru, Wanda Ya Hana Mahaifina Mutuwa a Madina

Idan aka idar da sallar asuba a Harami, masallacin Annabi, Baba Ja'afaru Maigandi ba ya tsayawa dogon gaishe-gaishe a ƙofa. Yakan ratsa ta kasuwar dabino tun masu shaguna ba su buɗe ba, ya tsaya wajen mai tanderu ya karɓi gurasar tamis guda, ya shige lungunsu. Ɗakin da yake aiki ƙarami ne, a ƙasan wani tsohon bene na baƙin dutse. Abin da zai fara yi shi ne ya hura gawayi ya ɗora buta. Ba don shayi ba. Hannuwansa yake gasawa a jikin butar, don ya ce ba a taɓa jijiyar mutum da hannu mai sanyi, sai ta ɓuya. Sannan ya yi shara, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye wani ɗan matashi da bai fi tafin hannu ba, wanda marar lafiya ke ɗora wuyan hannunsa a kai. Sai ya zauna yana kallon ƙofa.

A da, kafin ya gama sharar nan mutane sun cika dakali. Yanzu yakan zauna har azahar ba wanda ya leƙo sai kyanwar maƙwabta. Ƙarshen watan nan zai rufe ɗakin ya koma garin Badar wajen 'yarsa, mijinta na aikin gonar dabino a can. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi tun yana cikinmu. Sunana Ƙasimu, kayan alhazai nake ɗauka a filin jirgi, kuma a kan mahaifina ne mutane suka daina zuwa wajensa. Zan zo kan wannan, amma sai kun san mutumin tukuna.

A nan Madina aka haife shi. Iyayensa Katsinawa ne, da ƙafa suka taho ta Sudan, suka yi shekaru a hanya, da suka iso kuma ba su koma ba. Ubansa wanzami ne, to tun yana ƙarami ya san ƙaho da aska. Da ya zama saurayi sai ya kama aiki a gidan wani dattijo Musulmi mutumin ƙasar Sin, Alhaji Ilyasu, wanda yaƙi ya koro daga garinsu, ya zo ya zauna kusa da Manzon Allah yana ba mutane magani irin na ƙasarsu. Aikin Baba Ja'afaru ɗebo ruwa da daka. Larabcin dattijon bai wuce na cefane ba, Hausa kuwa ko sannu bai iya ba. Saboda haka yawancin karatun da hannu aka yi shi. Dattijon ya kama yatsunsa ya ɗora a wuyan hannun marar lafiya, ya danna, ya sassauta, ya kalle shi, ya girgiza kai ko ya gyaɗa. A haka suka yi shekaru masu yawa har Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Ya bar masa kofunan gilashi, da turmin tagulla, da wani ƙunshin allurai sirara kamar gashin wutsiyar doki. Alluran nan ko sau ɗaya bai taɓa soka wa kowa ba. Na tambaye shi dalili wata rana, ya ce, "Bai gama koya mini su ba ya tafi. Ba zan ƙarasa karatun a jikin mutane ba."

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ciwon nan na ƙasan haƙarƙari. Mutanenmu na nan suna fama da shi ƙwarai, maza da mata. In ka je wajensa ba zai fara da tambayar ina ke ciwo ba. Zai ce miƙo hannu. Ya ɗora yatsu uku, ya yi shiru har ka fara zargin ko gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya karɓi ɗaya hannun. Ya ce fito da harshe. Ya ja fatar idonka ƙasa ya duba. Sai daga nan ya ce ka nuna masa wurin, kuma yadda za ka nuna ɗin yake kallo. Wanda ya shafa gefensa da tafin hannu gaba ɗaya, yana cewa jiya nan ne yau kuma ya dawo nan, ciwonsa daban. Wanda ya soka yatsa ɗaya a wuri ɗaya, shi ma nasa daban.

Yadda ya bayyana mini, a karatun mutanen Sin akwai wani ƙarfi da ke zagaya jikin mutum, yana bin hanyoyinsa kamar yadda ruwa ke bin kwalbati a gonar dabino. Hanyar hanta ta taso tun daga babban yatsan ƙafa, ta hau ta cikin cinya, ta zo ta ƙare a ƙasan haƙarƙari. Hanta kuma, a wajensu, ita ce ɗakin da fushi ke kwana. In mutum ya yi ta haɗiye ɓacin rai bai furta ba, sai hanyar ta toshe, gefensa ya cika, ya riƙa ajiyar zuciya ba gaira ba dalili. Ni ban san gaskiyar abin da ke cikin jiki ba. Amma na san a garin nan akwai masu haɗiye magana da yawa. Mutum yana ƙarƙashin kafili, ubangidan da takardar zamansa ke hannunsa, a zage shi ya ce tayyib, wato to, a hana shi hutu ya ce tayyib. Dole ta taru a wani wuri.

Inna Shafa'atu, mai sayar da gyaɗa da ƙuli a bakin kasuwa, da bakinta ta ba ni labarin nata. Lokacin matar Baba Ja'afaru, Inna Zenabu, tana raye, ita ce ke taɓa mata, shi yana bayan labule yana faɗa mata inda za ta danna. Ta ce da aka gama dube-dube sai ta ji muryarsa daga bayan labulen.

"Shafa'atu, wa ya ɓata miki rai?"

"Ba kowa, Malam."

"To. Shi ba kowan nan, yana ina yanzu?"

Ta ce sai kawai ta ji bakinta ya ce, "Yana Jidda."

Ɗanta ne. Ya sami aiki, ya yi aure a can, in ya zo ta yi masa Hausa ya amsa da Larabci, ya sha shayi a tsaye ya tafi. Baba Ja'afaru ya sa aka danna mata tsakanin babban yatsan ƙafa da mai bi masa har ta yi ƙara. Ya haɗa mata busasshen ɓawon lemo, da na'ana'ar Madina, da furen wardi, da wata saiwa mai zaƙi, ta riƙa dafawa. Ya ce, "Wannan rabin magani ne. Ɗaya rabin, ki hau mota ki je ki zaunar da shi ki faɗa masa duk abin da ke cikinki, da Hausa. Ko bai amsa ba yana ji." Ta je. Ba ta gaya mini abin da suka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ta daina dafe gefe in za ta tashi.

Abokin aikina Ɗan'inna kuwa akwatin ƙarfe ne na wata hajiya ya zamo daga kan kaya ya buge shi a gefe. Wata ya wuce, wurin yana sukarsa kamar ƙusa. Baba Ja'afaru ya ce jini ne ya kwanta. Ya kunna auduga, ya zura a kofin gilashi, ya kifa masa a baya. Ƙahon mutanen Sin ke nan, ba tsaga, ba jini. Ɗan'inna da ya ga wuta ya ce, "Baba, ka yi wa Allah kar ka gasa ni, ko aure ban yi ba."

"Kwanta, ya walad, yaron nan. In na gasa ka ma wa zai ci? Duk ƙashi ne."

Shekarun da alhazan Sin suka daina zuwa, saiwoyin da ya gada suka ƙare. Bai ɓoye wa kowa ba. Ya riƙa bin alhazan Jawa, mutanen Indunusiya, masauki-masauki yana nuna musu guntun saiwa a tafin hannu, ko Allah zai sa wani ya gane ta ya zo masa da ita baɗi. Wadda bai samu ba sai ya ce babu, ba ya cusa wata a madadinta ya yi shiru.

Akwai kuma irin ciwon da in ya gani yake janye hannunsa. Wanda ya zo da zazzaɓi, da ɗacin baki, ido ya yi rawaya, gefen dama ba ya taɓuwa. Yakan ce, "Wannan ba nawa ba ne, na mustashfa ne," wato asibiti. Ya ce shi kansa Alhaji Ilyasu in ya ga irin wannan nuna ƙofa yake yi da hannu. Masu takardar zama a ƙasar sukan ji su tafi asibiti, ba wanda ya taɓa jin haushinsa a kan haka.

To mahaifina ba shi da takarda.

Malam Sabo sunansa, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Haɗeja. Ya zo aikin hajji a shekarar 1399 ta Hijira, bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da aka gama, aka zo ziyara Madina, ranar komawa ta zo, sai ya ce shi ya iso. Ya ce ya aurar da na aurarwa, ya noma abin da zai noma, yanzu abu ɗaya ya rage masa, ya mutu a garin Manzo a sa shi a Baƙi'a. Wanda bai taɓa zuwa ba, Baƙi'a ita ce maƙabartar da ke jikin Harami, inda sahabbai da iyalan gidan Annabi suke kwance. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai tsofaffi da yawa a unguwarmu da suka ƙi komawa saboda wannan, ba iƙama, wato takardar zama, ba komai, suna jira. Ya zauna a ɗakina, ya kama sayar da asuwaki. Kullum bayan la'asar zai je ya tsaya jikin katangar Baƙi'a yana leƙe, kamar mai duba filin da aka yi masa alkawari.

Kuma akwai wata doka a tsakaninmu wadda ba wanda ya kafa ta, amma kowa ya san ta. Marar takarda ba a kai shi asibiti. Likita zai duba shi, ba a nan matsalar take ba. In ya warke za a tambayi iƙama, in babu sai tarhil, wato a sa shi a jirgi a mayar da shi gida. Saboda haka a ɗaki ake jinyarsu, a rufa musu asiri, in kwana ya ƙare a yi musu sutura a kai su inda suka zo nema.

Tun makon farko suka ƙulla da Baba Ja'afaru, Bahaɗeje da Bakatsine, kun san wasan da ke tsakaninsu. Mahaifina zai leƙa ɗakin da ƙunshin asuwakinsa ya ce, "Bawana, yau mutum nawa ka kashe?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Kai nake jira, ka ƙi zuwa."

Sai su raba gurasa su sha shayi. Shekara uku suna haka. Ban taɓa ganin mahaifina ya sake da wani kamar yadda ya sake da shi ba.

Ciwon ya taso ne bayan wani hajji, lokacin da alhazai ke komawa, muna aiki a filin jirgi ba dare ba rana. Mahaifina ya ci naman layya mai kitse da aka aiko mana, gefen damansa ya murɗa har kafaɗa. Ya ɓoye mini. Sai da na ga yana amai, yana rawar sanyi cikin zafin nan na Madina, sannan na matsa masa muka je wajen Baba Ja'afaru ranar Juma'a da safe. Ya shiga yana ƙoƙarin tsokana, muryar ba ta fita. Baba Ja'afaru ya riƙe hannunsa, ya duba harshe, ya ja fatar ido. Ni ma daga inda nake tsaye na ga rawayar. Ya sa yatsu a ƙasan haƙarƙarin dama ya ce ya ja numfashi. Numfashin ya tsaya a rabi.

Baba Ja'afaru ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"Sabo, wannan ba nawa ba ne."

"Na sani za ka faɗa. Kafa mini kofunan nan naka, ka ba ni abin da zai kwantar da shi. Sauran na Allah ne."

"In na kwantar da shi baki kawai na rufe masa. Yana nan yana cinka."

"Zai kai ni?"

"In aka bar shi, ina jin zai kai ka. Kuma ba da daɗewa ba."

Mahaifina ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai abin da na zo nema ke nan."

"Ajalinka ka zo jira, ko zuwa ka yi ka jawo shi da hannunka? Wannan ciwo ne da likita ke yankewa mutum ya tashi ya ci tuwo."

"Ya tashi a ina? A filin jirgin Kano?" Ya numfasa da ƙyar. "Ja'afaru, kai a nan aka haife ka. Uwarka da ubanka suna cikin Baƙi'a, matarka tana ciki, takardar ɗan ƙasa tana aljihunka. Ko yau ka faɗi, can za a kai ka. Ba ka san abin da nake tsoro ba."

Gawayi na ta ƙara a murhu.

Mahaifina ya ce, "Yi mini alkawari ba za ka kai ni asibiti ba."

"Ba zan yi maka ba."

Mahaifina ya juyo gare ni ya ce ni in yi. Ubana ne, na yi.

Dattawan unguwa suka yi ta zuwa dubiya. Aka kawo jiƙon shawara, aka kawo rubutu. Malam Haladu, wanda shi ne babba a cikinmu, ya ce a bar bawan Allah da niyyarsa, Allah ya ba mu irin rabonsa. Kowa ya ce amin. Baba Ja'afaru yakan zo safe da yamma, ya zauna a gefen katifa, ya riƙe wuyan hannunsa, ya goga masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Bai ba shi ko ganye ɗaya ba. Mahaifina ya roƙe shi, ya zage shi, ya sake roƙonsa. Ya ce, "Abin da zan ba ka na faɗa maka."

Ranar da abin ya faru ina wajen aiki, an hana kowa fashi. Inna Shafa'atu tana nan, ita ta ga komai. Ta ce tun azahar mahaifina ya daina gane mutane. Yana kiran sunan mahaifiyarmu, yana cewa a kore awaki daga gona. Bayan la'asar Baba Ja'afaru ya zo, ya taɓa hannunsa, bai ko zauna ba ya fita. Sai ga shi ya dawo da wani maƙwabcinsa Bayamale mai a-kori-kura. Kafin ya shiga ɗaki dattawa sun tsaya a ƙofa.

Malam Haladu ya ce, "Ja'afaru, da kunnenka ka ji abin da ya ce."

"Na ji. Shi ma ya ji abin da na ce."

"Saura ƙiris ya samu. Za ka raba shi da Baƙi'a."

"Mai yiwuwa ne."

"To hakkinsa yana wuyanka har gaban Allah."

"Na ɗauka. Ba ni hanya, Malam."

Ta ce ba wanda ya kama masa. Tsoho ne, ya girmi mahaifina, amma shi ya durƙusa ya saɓa shi a baya, ya fito da shi yana haɗa hanya, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ita ce ta ɗauke ta ta bi su har bakin mota.

Likitocin sun yi aikinsu, Allah ya saka musu. A ranar suka shiga da shi, suka cire matsarmama, an ce cike take da tsakuwa ta fara ruɓa. Da na iso an fito da shi. Baba Ja'afaru yana zaune a ƙasa a baranda, bayansa jingine da bango. Ya ɗago ya ce, "Ƙasimu, kai ba ka karya alkawarinka ba. Ni ne na ɗauke shi. In ya tambaya haka za ka faɗa."

Ya kuwa tambaya. Da ya farfaɗo ya ga farin bango da ƙarin ruwa a hannunsa, ya gane inda yake, sai hawaye. Baba Ja'afaru ya shigo ya yi sallama. Mahaifina ya juya fuska ga bango ya ce, "Ƙasimu, gaya wa mutumin nan ya fita." Ya fita. Washegari ya dawo da romo a kwano, ya ba ni a ƙofa, bai shiga ba. Haka ya yi ta yi har aka sallami mahaifina.

Sauran kuwa ya tafi yadda kowa ya san zai tafi. Aka tambayi iƙama, babu. Baba Ja'afaru ya yi ta yawo ofis-ofis da takardarsa ta ɗan ƙasa, yana cewa shi zai tsaya masa, ya je wajen duk wani mai faɗa a ji da ya taɓa yi wa magani. Aka ce wanda ya shigo da bizar hajji ba yadda za a yi. Aka tafi da mahaifina Jidda. Na bi shi can na same shi kafin a sa su a jirgi, ya rame, yana dafe da wurin ɗinki. Abin da ya ce mini kawai, "Ina ganin katangar, Ƙasimu. Ina ganinta."

Daga nan dakalin Baba Ja'afaru ya fara yin fili. Ba wanda ya zage shi, mutanenmu ba su yi masa haka ba. Magana ce dai ta zagaya, cewa in ka je wajen Ja'afaru hannun hukuma za ka ƙare. Marasa takarda suka ji tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. Masu takarda suka bi sahu don kar a ce. A masallaci a ba shi hannu a saki da wuri. In ana walima a tuna da shi bayan an watse.

Bara wata baiwar Allah, Ikilima, da ke aikin wanki a wani gida a unguwar Khalidiyya, ta kwanta da irin ciwon nan. Ita ma ba takarda. Aka ɓoye ta, aka yi ta ba ta jiƙo, aka gargaɗi yara kar maganar ta kai kunnen Ja'afaru. Ta rasu. Aka sallace ta a Harami aka kai ta Baƙi'a, mutane suna ta cewa ta dace. Ta bar yara ƙanana, na ƙarshen bai daɗe da fara tafiya ba. Baba Ja'afaru ya bi gawar har kabari. Da aka watse na gan shi yana komawa shi kaɗai, yana bin jikin bango. Na cim masa, muka jera. Sai da muka kai lungunsu ya ce, "Da sun kira ni, da sun ƙara tsanata." Ya shiga ya rufe ƙofa.

Ni ba malami ba ne. Na san falalar garin nan, ni ma ina roƙon Allah ya sa a nan zan cika. Ban isa in ce mahaifina ya yi kuskure da ya so abin da ya so ba, kuma akwai ranakun da in na wuce ta jikin katangar nan sai in ji kamar mu ne muka cuce shi. Wannan ban gama da shi ba har yau.

Amma Baba Ja'afaru, kai ne wanda ya san iyakar hannunsa bai ƙetare ta ba, ko da amininsa na kuka yana roƙo. Da ka kifa masa kofunan nan ka ba shi jiƙo, da ya tafi yana sa maka albarka, da yau dakalinka cike yake. Ka san haka sarai, don ka fi ni sanin mutanenmu. Kai ne ka tsaya a gabansa ka ce ba za ka yi alkawari ba, ba ka yaudare shi ba. Kai ne ka ce a ɗora a wuyanka, aka kuwa ɗora, kana ɗauke da shi har yau ba ka kai ƙarar kowa ba. Maigandi mai yatsu uku, na Alhaji Ilyasu, gwauron Inna Zenabu. Iyakar kirarin da na iya ke nan.

Hajjin bana wani mutumin ƙauyenmu ya zo, ya neme ni a filin jirgi ya ba ni saƙon baka daga mahaifina zuwa ga Baba Ja'afaru. Na yi kwanaki ina juya shi, don ban san yadda zan isar ba. Shekaranjiya na je. Na tarar ya fara haɗa kaya, kwalaben magani duk an jera a kwali an ɗaure da igiya, ɗakin sai amsa kuwwa yake. Na gaishe shi na zauna.

"Baba, an aiko ni."

"Daga ina?"

"Daga gida."

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa. "Faɗi yadda aka faɗa maka. Kar ka gyara."

"Ya ce in gaya maka bai yafe ba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ya ce kuma wurin da aka yanka yana yi masa tsami, me zai sha."

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Tsamin wuri ɗaya yake tsayawa ko yawo yake?"

"Ban sani ba, Baba."

"Idonsa fa? Mai saƙon ya ga idonsa?"

"Ya ce fari tas. Ya ce in ya wuni a gona ne abin ke tashi."

"Gona? Noma yake yi?"

"Yana yi. An ce bana shi ya fara kai gero gida a unguwarsu."

Baba Ja'afaru ya sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunsa suna motsi, ban san dariya ce ko kuka ba, ban kuma leƙa ba. Can ya jawo kwalin da ya gama ɗaurewa, ya yi ta fama da ƙullin, ya ƙi in taya shi. Ya fito da citta da ɓawon lemo da sauran wata saiwa 'yar kaɗan da ta rage a gindin kwalba, ya juye duka a takarda ya ƙulle.

"A dafa masa da safe. A riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In idon ya sake launi, asibiti, ko yana zagi a ɗauke shi." Ya miƙo mini. "Ka ce na ji saƙo. Ba sai ya yafe ba. Ya dai daina ɗaukar dami da kansa."

Ƙunshin yana cikin jakar mutumin ƙauyenmu, jibi jirginsu zai tashi, ni zan ɗora kayan da hannuna.

Na gode, Baba. Allah ya saka maka, ya jiƙan Inna Zenabu da malaminka, ya sa iskar Badar ta karɓe ka. Ku kuma 'yan'uwana na unguwa, ba na ce ku daina son Baƙi'a ba. Amma in ido ya yi rawaya a ɗakin wani, a sami mutum ɗaya da zai yarda a ji haushinsa. Kuma kafin watan nan ya ƙare, wanda ya taɓa ɗora hannunsa a ɗan matashin nan ya daure ya ratsa ta lungun ya yi sallama, ƙofar a buɗe take tun safe.

Ni dai ina da uba a ƙasar Haɗeja. Yana fushi, yana noma.